Ƙwai a Baki ko Kaza a Akurki?

Akwai wata al'ada a jami'o'in Amurka wadda ta cancanci a yi mata duban tsanaki, watau neman gurbin karatu da wuri bisa alkawari. Ɗalibi yakan zaɓi jami'a ɗaya tak, ya miƙa takardunsa a watan Nuwamba, ya ji sakamako a tsakiyar Disamba. Shi da mahaifinsa da malamin da ke ba shi shawara duk sai sun sa hannu cewa in an ɗauke shi, to, bakin alƙalami ya bushe, kuma dole ya janye takardun da ya aika wa sauran jami'o'i. Columbia da Brown da Duke duk suna bin wannan tsari.

Masu goyon baya sukan ce ai ƙwai a baki ya fi kaza a akurki, tun da an fi samun shiga ta wannan ƙofa. Haka ne, amma da sauran magana. Cikin waɗanda ake ɗauka da wuri akwai 'yan wasanni da jami'a ta riga ta nema, da 'ya'yan tsofaffin ɗalibanta, saboda haka alƙaluman sun fi gaskiyar al'amarin kyau.

Babban haɗarin kuwa na aljihu ne. Kuɗin makaranta da na kwana da abinci a irin waɗannan jami'o'i ya haura dala 80,000 a shekara. Wanda ya jira zagayen gama-gari yakan sami amsoshi wajen ƙarshen Maris, ya jera tayin tallafi na jami'o'i uku ko huɗu, ya auna har ranar 1 ga Mayu. Wanda ya ɗaure kansa tayi ɗaya zai gani. Lalle an yarda ya warware alkawari idan tallafin ya gaza, amma ta yaya zai san ya gaza alhali ba shi da na gwadawa? Ɗan mai hali bai damu ba. Ɗan talaka ne ke sayen tsuntsu daga sama, ita kuwa jami'a ta cike gurabunta hankali kwance.

Su kansu manyan sun san da haka. A 2006 Harvard da Princeton suka ba da sanarwar soke ɗaukar wuri, suna cewa yana fifita masu hali. Da yawancin sauran jami'o'i suka ƙi bin sahu, sai suka maido da shi a 2011, amma ba tare da ɗaure ɗalibi da alkawarin zuwa ba.