Jaji Hauwa'u, Mai Ba Da Shawara A Kan Hanya

A kowace shekara wannan mujalla takan keɓe shafi guda domin tunawa da wani da ya yi wa jama'a hidima ba don lada ba. Bana mun zaɓi wata mace wadda ba ta taɓa zama a aji irin namu ba, kuma ba 'yar ikilisiya ba ce. Sunanta Hauwa'u. Ta yi zamaninta a ƙasar Sakkwato cikin ƙarni na 19, kuma tana ɗaya daga cikin matan da ake kira jaji.

Saboda ƙannenmu na aji ɗaya da aji biyu, bari mu ɗan yi bayani. Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kuma matar Waziri Giɗaɗo, an haife ta a 1793, ta rasu a 1864. Malama ce mai rubuta waƙoƙi da Larabci da Fulatanci da Hausa. A zamanin da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya mai da Wurno mazauninsa, inda ya rasu a 1837 aka kuma binne shi, ƙauyuka sun cika da matan da yaƙe-yaƙe suka raba da gidajensu, da waɗanda ba su da hanyar zuwa wurin malami. Asma'u ba ta iya zagaya su duka. Sai ta kafa ƙungiyar da aka sani da 'Yan Taru. A ƙauye akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, a naɗa ta jaji, a ɗora mata malfa da jan rawani. Ita ce za ta tattaro mata, yawanci 'yan mata ƙanana da tsofaffin da suka gama haihuwa, tun da matan aure suna tsare da gida, ta bi da su hanya har gaban Asma'u. Can su koyi karatu ta hanyar waƙa, su haddace, su koma su koya wa waɗanda aka bari. Kalmar jaji kanta daga bakin fatake ta fito, wato mai jan ayari.

To, aikin bai tsaya ga karatu ba. Jaji ce ake kai wa ƙarar kishiya da kishiya. Ita ke duba marar lafiya, ta wanke gawar mace, ta sa a share masallaci. Idan za su tafi, sukan ɗauki zuma da man shanu da hatsi da zare, a kuma raba wa mabukata. Ba a biyan ta ko wuri. Bayan rasuwar Asma'u, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin daga Wurno.

Da Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta rubuta mata marsiyya, kuma ta dalilin wannan waƙa ce sunanta ya iso gare mu. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe tana koyarwa a Sakkwato, tare da Beverly Mack, sun buga ta cikin tarin ayyukan Asma'u a 1997. Abin da ya ja hankalinmu shi ne irin yabon da aka yi wa marigayiyar. Babbar malama ce ke rubutu, amma abin da ta fi tunawa shi ne ƙafar Hauwa'u: cewa ba ta zaɓen lokaci, duk yadda shekara ta juya tana kan hanya tana kawo mutane.

Duk wanda ya san wannan ƙasa ya san nauyin maganar. Wanda ya taɓa taka rairayin da ke tsakanin Rabah da Wurno a watan Afrilu ya san yadda yake dafa tafin ƙafa. Da damina kuwa fadamar Rima takan cika ta batse, sai da kwalekwale. A lokacin babu kwalta, babu madatsar ruwan Goronyo, wadda sai a 1984 aka kammala ta. Mace mai shekaru ta ratsa wannan da yara 'yan mata a bayanta, ta san inda rijiya take, ta san inuwar da za a yada zango, ta san gidan da za a kwana lafiya. Ba a jure irin wannan shekara da shekaru sai in mutum yana son hanyar kanta da mutanen da ke bakinta.

Ra'ayinmu shi ne, shawara irin wadda take warkarwa tafiya take yi da ƙafa. A makarantu an saba a ba malamin ba da shawara ɗaki da teburi, a rubuta lokutan ganinsa a ƙofa. Wannan yana da amfaninsa. Amma wa ke ƙwanƙwasa ƙofar? Mai neman sanin darussan da zai zaɓa a jarrabawa. Yarinyar da aka sa wa ranar aure ba da sonta ba, da yaron da kuɗin makaranta ya gagari mahaifinsa, ba za su zo ba, domin kunya ta riga ta rufe musu baki. Irin waɗannan sai a kan hanyar rijiya, ko a gonar makaranta ana shuka albasa kafaɗa da kafaɗa, maganar take fitowa da kanta. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma muna ganin shawara ma haka.

Mun san wani dattijo zai ce, me ya kawo jajin 'Yan Taru cikin mujallar makarantar mishan? Amsarmu gajeruwa ce. Bangaskiyarmu da tata ba ɗaya ba ce, ba kuma za mu yi kamar ɗaya ce ba. Amma Ubangijinmu da kansa, cikin Luka sura 10, ya ɗauki Basamariye ya kafa shi misali a gaban masanin Attaura. A wannan surar ce kuma ya aiki almajiransa biyu-biyu su shiga garuruwa. Iyayenmu na Zumuntar Mata, masu ɗaura kallabi su bi gida-gida gaisuwar haihuwa da ta rashi, za su gane Hauwa'u tun kafin a gama ba su labarinta.

Akwai wata magana mai nauyi da ba za mu tsallake ba. Hanyoyin da Hauwa'u za ta bi da 'yan mata yau sun zama abin tsoro. A watan Yuli na 2018 'yan bindiga suka afka wa Tabanni a gundumar Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutane da dama. A watan Oktoba na 2021 suka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, fiye da mutum 40 suka mutu. Ba mai hankalin da zai tura ɗalibai daji da sunan hidima. Sai dai wannan masifa ta juya al'amarin: mutanen ƙauyukan ne suka taso suka zo cikin gari, suna raɓe a gidajen dangi da kangaye, da yaran da karatunsu ya yanke. Tafiyar da dā take cin kwanaki, yanzu ba ta wuce daga ƙofar makaranta zuwa bayan kasuwa ba.

Saboda haka muna roƙon hukumar makaranta da dattawan ikilisiya su duba abu biyu. A ba malamin ba da shawara yamma ɗaya a mako wadda ba ta ofis ba ce, ya fita fili da gona da ɗakunan kwana. Sa'an nan a lokacin hutu, manyan ɗalibai mata su riƙa bin iyayenmu na Zumunta zuwa wurin waɗanda suka yi gudun hijira, da izinin mai unguwa, da alli da littafin karatu na aji ɗaya, ba tare da an tambayi kowace yarinya addininta ba kafin a koya mata rubuta sunanta.