A Raba Rumbun Bayanai Kafin a Buɗe Shi ga Jama'a

A sassan nazarin Hausa da dama, akan sami malamin da ya shafe shekaru yana tara kalmomi ko karin magana a cikin rumbun bayanai na Microsoft Access da ke kwamfutarsa. Ranar da aikin ya zama na kwamiti, sai a kwafe fayil ɗin a filash, kowa ya tafi da nasa. Bayan wata shida kwafi biyar ke hannu, kowanne da gyaransa, ba a san wanda za a dogara da shi ba. Wasu kuma sukan ajiye fayil ɗin ɗungurungum a hanyar sadarwar sashe, kowa ya riƙa buɗe shi, har ranar da wuta za ta ɗauke ana tsakiyar shigar da bayani, rumbun ya lalace.

A ganina, bai kamata a damƙa irin wannan rumbu ga mutum na biyu ba sai an raba shi gida biyu. Jadawalan da ke ɗauke da bayanan su zauna a kwamfuta ɗaya mai batirin ko-ta-kwana, kowane manazarci kuma ya riƙe kwafin fom da tambayoyin bincike a tasa. Access na da tsarin da ke yin wannan rabon. Sannan a sa kullen da ke hana mutum biyu gyara shigarwa ɗaya a lokaci guda, a haɗa kwamfutocin da waya, domin yankewar Wi-Fi na iya ɓata fayil. A kuma tuna cewa fayil ɗin ba ya wuce gigabait 2, saboda haka a ajiye muryoyin da aka naɗo a wani wuri dabam.

Akwai kuma aikin da injiniya ba zai yi mana ba. Idan wani ya rubuta ƙasa da ƙugiyar Unicode, wani ya rubuta k'asa, wani kuma kasa, kalmomi uku kwamfuta za ta gani, ta kuma cakuɗa ƙasar noma da kasa maciji. Wajibi ne kwamiti ya rubuta ƙa'idarsa kan ƙugiya, karin sauti da tsawon wasali kafin a shigar da kalmar farko.

Za a ce wannan ɓata lokaci ne ga sashen da ba shi da ma'aikacin kwamfuta. Aikin bai fi na yini biyu ba, abin da ake karewa kuwa wahalar shekaru ce. Shugabannin sassa su sanya shi sharaɗi, su kuma naɗa wanda zai riƙa adana kwafi kullum.