FILIN UWARGIDA: Ba Kowane Ciwon Wuya Ne Na Jijiya Ba

Yau ku yi min afuwa, na ajiye zancen soyayya, abin da ke raina ya fi shi nauyi.

Kwanaki na je Kashin Zama gaida Goggo, na tarar ta ɗaure wuya da ɗankwali, wai kwana uku ciwo na sauko mata daga wuya zuwa hannun hagu. Baffa ya ce jijiya ce ta danne saboda ɗaukar albasa a ka, gobe a kai ta Aliero wajen masu ɗori. Na ce, "Goggo, in kin yi tafiya yana ƙaruwa?" Ta ce, "Ke 'yar nan, har da haki da gumi, ƙirjin kamar an ɗora min turmi." Wallahi gabana ya faɗi. A ranar muka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon zuciya ne.

To 'yar uwa, ki lura. Ciwon jijiyar wuya yakan tsananta in kin juya kai ko kin yi atishawa. Na zuciya ba ruwansa da juya wuya, aiki ke tayar da shi.

In kuwa babban yatsa da manuniya da na tsakiya ne ke miki jinjirya cikin dare, sau da yawa a wuyan hannu jijiyar ta matse, musamman ga mai ciki. In ɗaga hannu ki ɗaura ɗankwali ne ya gagara, a duba kafaɗa, a kuma gwada sukari. Hannu ya mutu farat ɗaya, baki ya karkace, wannan shanyewar ɓarin jiki ce, kada a kwana.

Uwa uba sanƙarau: wuya ya sandare, ga zazzaɓi da matsanancin ciwon kai. A watan Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26, mafi yawansu a Gwandu da Jega da Aliero. Wannan ba na man zafi ba ne.

Masu ɗori gwanaye ne a karaya, amma zuciya ba ƙashi ba ce. Maigida, kai ma in ta ce wuyanta, kada ka ce raki ne.

Goggo dai na samun sauƙi, har ta fara tsokanata yaushe za ta sha biki. Sai wani watan, in Allah ya kai mu.

Taku har kullum.