FARFAƊIYAR YARA: A NEMI ASIBITI, A BAR BOKA

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, har yau a Ungogo da ƙauyukanta in farfaɗiya ta kayar da yaro sai ka ji an ce iska ce ta taɓa shi. Daga nan sai gidan boka ko 'yan bori, a yanka baƙin akuya, a yi turare, dukiya ta ƙare, aƙida ta gurɓata, yaro kuma yana nan yana faɗuwa. Alhali Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya bayyana cewa akwai farfaɗiyar da asalinta daga jiki take, wadda likitoci ke magana a kanta.

Ga misali ƙarara. Akwai wani ɗan baƙin ƙuda da ke hayayyafa a koguna masu gudu da ƙarfi. Cizonsa yana sa wa mutum wata tsutsa wadda 'ya'yanta ke yawo a fata da ido, su jawo ƙaiƙayi da makanta. Ita ce cutar makantar kogi. Likitoci sun lura cewa inda ta yi katutu, farfaɗiyar yara takan yawaita, tana kama yaro lafiyayye tsakanin shekara 3 zuwa 18. An ga haka a Mahenge ta Tanzaniya, da Maridi ta Sudan ta Kudu, da arewacin Uganda. Binciken da aka buga a 2018 kan ƙauyukan kwarin Mbam a Kamaru ya nuna cewa yaran da tsutsar ta fi yawa a fatarsu sun fi kamuwa da farfaɗiya daga baya. A arewacin Uganda kuwa, da aka dage da rabon magani da kashe ƙudan a koguna daga 2012, sababbin masu kamuwa suka ragu ƙwarai. To, ina iskokin suka tafi?

Gaskiya ne Ungogo ba ƙasar irin waɗannan koguna ba ce. Amma darasin namu ne: farfaɗiya tana da sababi. A wajenmu wahalar haihuwa, da zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa, da sanƙarau, da buguwa a ka, duk suna iya haddasa ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan bakwai cikin goma na masu ita za su iya daina faɗuwa in sun samu magani daidai. Ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga na Dawanau a kusa da mu.

Saboda haka muna kira ga iyaye: in yaro ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe, a janye shi daga wuta da ruwa, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa komai. Yawunsa ba ya yaɗa cutar, don haka kada a guje shi, kada a cire shi daga makaranta. 'Yan'uwanmu da ke zaune inda ake raba Mectizan, wanda ake bayarwa kyauta tun 1987, su karɓa. Rigakafi ne, ba ya maye gurbin maganin farfaɗiya. Nijar maƙwabciyarmu, a 2025, ta zama ƙasa ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da makantar kogi.

Limamai da masu wa'azi su faɗi wannan a mumbari, domin neman magani ba ya kore tawakkali. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya tsare mana imaninmu. Amin.