A Daina Ɗora Wa Wata Laifin Dick Tracy

Duk inda masoyan Dick Tracy suka zauna hira, kafin shayi ya huce sai wani ya yanke hukuncin da kowa ya haddace: wai labarin ya lalace ne ranar da Chester Gould ya kwashi ɗan sandansa ya kai shi duniyar wata. Sauran su gyaɗa kai, a wuce wurin. Ni kam ban gyaɗa ba. Ina ma ganin masu wannan magana su ne suka fi yi wa labarin illa.

Dick Tracy labari ne cikin zane da ke fita kullum a jaridun Amurka tun 4 ga Oktoba 1931, ranar da ya fara bayyana a Detroit Mirror. Ɗan sanda ne mai farin kaya, mai hanci kamar bakin shaho, da aka haifa a zamanin da Al Capone ke cin karensa babu babbaka a Shikago. Gould ya riƙe alƙalamin shekara 46, har ƙarshen 1977. A 1962 ya shigo da wani kumbo mai tafiya da ƙarfin maganaɗisu, ƙirar attajirin labarin, Diet Smith. A 1964 aka ɗaura auren Junior, ɗan riƙon Tracy, da Moon Maid, budurwa mai ƙaho daga wata. Wannan ne zunubin da aka kasa yafewa.

Na yarda akwai shirme a ciki. Dodon koɗi ƙato a kwarin wata ba abin da zan tsaya karewa ba ne. Amma masu cewa Gould ya ci amanar labarin gaskiya, wace gaskiya suke nufi? Miyagun shekarun 1940 da suke rantsuwa da su, ɗaya kansa a shafe kamar faifai, wato Flattop, ɗaya fuskarsa a yamutse kamar busasshen dabino, wato Pruneface. A wane caji ofis aka taɓa ganin irinsu? Agogon hannu mai rediyo da Tracy ya fara ɗaurawa a 1946 almara ce tsantsa a lokacin, kuma Diet Smith ɗin nan ne ya kawo shi. An tafa wa agogo saboda daga baya duniya ta ƙera irinsa. Da a ce ba a ƙera ba, da shi ma yana cikin jerin abin zagi. Mutum ɗaya ne ya zana agogon da kumbon, da hali ɗaya: ya hango abin da jama'a ke mafarki, ya riga su zuwa. A shekarun da Amurka da Tarayyar Sobiyet ke tseren sararin samaniya, ina kuma zai dosa? Da Apollo 11 ya sauka a 1969 aka ga wata fayau ba kowa, shi da kansa ya fara janye jiki.

Abin da ya sa Gould ya zama Gould shi ne rashin tausayin abin da ya ƙirƙira. Flattop ya shigo a ƙarshen 1943, bai kai tsakiyar 1944 ba ya nutse a ruwa. A shekarar ce kuma The Brow ya faɗo daga sama sandar tuta ta tsire shi. Mai zane ya samu mugun da jama'a ke rububi, ya kashe shi cikin 'yan watanni, ya koma teburi da farar takarda! An san Gould ba ya tsara ƙarshen labari kafin ya fara. Hujjarsa ita ce in shi kansa bai san mafita ba, mai karatu ma ba zai sani ba. Har ya taɓa jefa Tracy cikin ramin da ya rasa yadda zai fito da shi, ya so ya zana hannunsa yana goge tarkon, sai da maigidansa Joseph Patterson ya taka masa burki. Irin wannan ganganci ne ya haifi Flattop, shi ne kuma ya haifi Moon Maid. Ba a karɓar ɗaya a ƙi ɗaya.

To, da aka biya wa masoya buƙata, me aka samu? Max Allan Collins ya karɓi rubutun, a 1978 ya sa bam a mota ya kashe Moon Maid, aka yi ta sam barka. Marubuci ne na gaske, ban raina shi ba. Sai dai a hannunsa aka fito da Angeltop, 'yar Flattop, a 1983 kuma aka narkar da Pruneface daga ƙanƙara ya tashi da ransa. Ku duba fa: mace daga wata ƙarya ce da ba a iya haɗiyewa, amma gawar da ta yi shekara arba'in a daskare ta miƙe, wannan ba laifi, tunda tsohuwar fuska ce. Gould ma ya taɓa waiwaye, ya kawo ɗan Flattop a 1956, amma shi jefi-jefi yake yi. Bayansa ne ɗumame ya zama abincin gidan. Da Mike Curtis da Joe Staton suka karɓa a 2011, zane ya gyaru, har sun ci lambar yabo ta Harvey, amma shafin ya koma kamar taron suna: ga ɗan wane, ga jikan wane, ga baƙi daga wasu labaran irin su Annie a 2014. Yaron da ya buɗe jarida yau sai ya nemi malamin tarihi kafin ya gane waye ke harbin wa.

In ana neman aibin Gould na gaskiya, yana nan ƙasa, ba a sama ba. Bayan hukuncin Miranda na 1966, wanda ya wajabta wa 'yan sanda su gaya wa wanda suka kama haƙƙinsa, dattijon ya mai da shafinsa mumbari, Tracy na ta ƙorafin cewa kotu ta ɗaure masa hannu. Nan labari ya tsaya, huɗuba ta hau. Masoya ba su cika son wannan zance ba, don ya fi tsokanar ƙaho wuya.

Abin dariyar shi ne, Curtis da Staton sun dawo da Moon Maid ɗin ma, ta hanyar wata mata da aka sauya wa halitta ta koma kamarta, ana kiranta Mysta. Shekara hamsin sun wanke ta, ta shiga sahun tsofaffin fuskoki, aka shimfiɗa mata tabarma.