Ilimin likita: kada kuɗɗi su hana shi hita

Idan likita ya yi bincike a kan wata cuta, sai ya rubuta abin da ya gano, ya aika wa jaridar likitoci, sauran masana su duba, sannan a buga. Ta haka ne ilimin magani yake yaɗuwa cikin duniya.

A da, mai karatu ne ke biyan kuɗɗi, kuma jaridun suna da tsada ƙwarai. Wannan ya jawo hasara. A 1982 wasu masu bincike na Jamus sun buga cewa akwai alamun cutar Ebola cikin jinin mutanen Laberiya. Da annobar ta ɓarke a 2014, shugabannin kiwon lahiya na ƙasar ba su san da wannan gargaɗi ba, kamar yadda suka bayyana a 2015.

Don gyaran irin wannan ne aka yi kira daga birnin Budapest a 2002 cewa a bar kowa ya karanta bincike kyauta ta intanet. A shekarar nan kuma ƙungiyar lahiya ta duniya, wato OMS, ta buɗe shirin HINARI domin ƙasashe matalauta.

Amma gidajen buga jarida da yawa sun ɗauke kayan daga kan mai karatu sun aza wa marubuci. A 2021 jaridar Nature ta sa yuro 9.500 a kan rubutu guda, wato hiye da miliyon 6 na sefa. Ina likitan Maraɗi ko na Tawa zai samo wannan? Ga shi kuwa shi ne ke ganin sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da tamowa kowace rana. In bai rubuta ba, baƙi ne za su riƙa ba da labarin cututtukan ƙasarsa.

Gaskiya ne tun 2023 Nature ta yafe kuɗɗin ga marubutan ƙasashe matalauta sama da 70, wasu gidajen ma suna ragewa. Abin yabo ne. Sai dai alfarma ce, mai bayarwa yana iya janye ta, kuma kowa ya san kwana tabarmar aro ba ya daɗi.

Hanya mai ɗorewa ita ce hukuma ta ɗauki nauyi. A Birazil, tun 1998, kuɗɗin hukuma ne ke riƙe da shirin SciELO, inda ake karanta jaridun ƙasar kyauta.

Ya kamata ma'aikatar kiwon lahiya da Jami'ar Abdou Moumouni da cibiyar CERMES ta Yamai su haɗa kai su ƙarfafa jaridun gida, waɗanda ba su karɓar ko dala daga marubuci ko mai karatu. Masu ƙara wa likitoci girma kuma su riƙa lissafa rubutun da aka buga cikinsu. Talakawa ne suka ba da jininsu aka yi binciken, su ya kamata amfaninsa ya koma wa.