Kimiyya a Sauƙaƙe: Shin Sararin Samaniya Yana Faɗaɗa Daidai Ta Ko'ina?

A wannan makon za mu ɗaga kai sama, mu dubi wata tambaya da masana taurari ke tafka muhawara a kanta.

Tun shekarar 1929 wani masani ɗan Amurka, Edwin Hubble, ya nuna cewa manyan gungunan taurari suna ta nisanta daga gare mu, kuma wanda ya fi nisa shi ya fi gudu. Ma'ana, sararin samaniya yana faɗaɗa. Ku samo balan-balan, ku ɗiɗɗiga masa tawada, sannan ku hura. Kowane ɗigo zai riƙa nisantar ɗan'uwansa.

To amma balan-balan yakan kumbura daidai ta kowane gefe, wani kuma yakan fi tasowa ta gefe guda. Wanne ne sararin samaniya ya yi kama da shi? Kusan duk lissafin masana a kan zato ɗaya ya tsaya: in an duba daga nesa ƙwarai, kowane ɓangare daidai yake da sauran. Zato kuwa sai an gwada shi.

Abin gwajin shi ne fashewar tauraro, wadda ake kira sufanoba. Akwai wani nau'i mai suna Ia, wanda ke faruwa idan wani tsohon tauraro, ƙarami amma mai tsananin nauyi, ya tarwatse gaba ɗaya. Irin waɗannan fashe-fashe ƙarfin haskensu kusan ɗaya ne. Ku ɗauka an jera fitilu iri ɗaya a bakin titi da dare. Wadda kuka ga haskenta ya dusashe, kun san ta fi nisa. Haka masana ke auna nisan sufanoba. Sannan su duba yadda haskenta ya karkata zuwa ja, domin wannan ne ke nuna yadda sarari ya miƙe tun da hasken ya taso.

Da wannan dabara ce ƙungiyoyin masana biyu suka gano a 1998 cewa faɗaɗar ƙara sauri take yi. Saul Perlmutter da Brian Schmidt da Adam Riess sun sami kyautar Nobel a kan haka a 2011. Abin da ke ingiza ta kuwa aka sa masa suna ɓoyayyen makamashi.

Gwajin kansa ba shi da wuyar fahimta. A raba sama gida biyu, a auna saurin faɗaɗa a kowane gida, a kwatanta. A 2019 Subir Sarkar na Jami'ar Oxford da abokan aikinsa uku suka nazarci sufanoba 740, suka ce ƙarin saurin ya fi bayyana ta fuska guda. Wasu masanan suka sake bin alƙaluman, suka ce ba su yarda ba, matsalar tana cikin yadda aka yi lissafin.

Me ya kawo saɓanin? Na farko, mu kanmu ba a tsaye muke ba. Rana da duniyarmu suna tafiya a sarari da gudun kusan kilomita 370 a daƙiƙa ɗaya, kuma dole a cire wannan daga lissafi. Wanda ke cikin mota ai gani yake kamar bishiyoyi ne ke gudu. Na biyu, sufanobar da aka tattara ba su bazu daidai a sama ba, wani ɓangaren an fi leƙa shi, wani kuma ƙurar da ke cikin gungun taurarinmu ta tare shi.

Idan ta tabbata akwai bambanci, sai an sake duba lissafin ɓoyayyen makamashi tun daga tushe. Yawancin masana dai har yanzu suna kan zaton farko. Babbar na'urar hangen nesa ta cibiyar Vera Rubin da ke ƙasar Chile, wadda ta fitar da hotunanta na farko a 2025, ana sa ran za ta gano sufanoba masu ɗimbin yawa, waɗanda za su taimaka a raba gardama.

Tambayar mako: idan fitila ta ninka nisanta daga gare ku sau biyu, sau nawa haskenta zai ragu? Ku tattauna da malaminku na fiziks. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.